Switch: bidiyon minti uku, da taron Tokyo da ya sa tafinta ya yi shiru

Ranar Juma'a 13 ga Janairun 2017 ƙarfe biyar na asuba na farka, ba don komai ba sai don in kalli taron da Nintendo za ta yi a Tokyo kan sabon injin gem ɗinta Switch, lokacin sanyin hunturu ya kankama, na duƙunƙune cikin bargo da waya a hannu da datar da na saya musamman tun dare, su can ƙarfe ɗayan rana ne. Kafin a shiga sallah na riga na fara tambayar kaina wai me ya kai ni. Wannan taron shi nake so mu tattauna a kai, domin kamfani ɗaya ne, injin gem ɗaya ne, amma cikin wata uku suka gwada hanya biyu ta sanar da shi, ɗaya naɗaɗɗen bidiyo da aka gyara tsaf, ɗaya kuma kai tsaye a kan dandamali gaban mutane. Ba kasafai ake samun irin wannan ba, yawanci sai dai ka kwatanta Sony da Microsoft kuma abubuwa da yawa su shigo ciki su ɓata lissafin.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane halin da Nintendo take ciki a lokacin. Tsohon injinta Wii an sayar da sama da miliyan 101, kuɗi kamar ƙasa. Wadda ta gaje ta, Wii U, duk rayuwarta miliyan 13.56 kawai ta yi. Kuma matsalar tun ranar sanarwa ta faro, a taron E3, babban baje kolin kamfanonin gem, na 2011 a Los Angeles, kai tsaye, inda suka yi ta nuna hannun buga gem ɗin mai allo suna ta yabonsa amma shi injin ɗin kansa da ƙyar aka ganshi, mutane suka tashi daga taro suna zaton wani sabon hannu ne da za ka saya ka haɗa da tsohuwar Wii ɗinka, ga sunan ma kusan ɗaya. Shekara guda kafin nan ma, a E3 na 2010, Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario da Zelda, da kansa ya hau dandamali zai gwada sabon Zelda, Skyward Sword, hannun ya ƙi jin magana, ya kaɗa nan takobi ya tafi can, dattijo yana ta murmushin yaƙe, daga baya aka ɗora laifin kan yawan na'urorin da ke cikin zauren da suka dagula siginar. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A Oktoban 2011 shugaban kamfanin Satoru Iwata ya fito da Nintendo Direct, wato bidiyo da aka naɗa tun kafin ranar a sake shi a intanet a wani lokaci da aka sanar, kuma daga 2013 suka daina babban taron kai tsaye a E3 gaba ɗaya. Iwata shi ya fara ambaton sabon injin da sunan ɓoye NX a Maris ɗin 2015, a Yulin shekarar ya rasu, Tatsumi Kimishima ya karɓi kujerar, mutumin banki ne shi asali.

To ranar 20 ga Oktoban 2016 sai ga bidiyo, minti uku da 'yan kai. Babu wanda ya yi jawabi, babu shugaba da kwat, ko kalma ɗaya ta bayani ba a yi ba. Wani saurayi na zaune a falo yana buga Zelda a talabijin, karensa ya dame shi yana son fita, sai kawai ya tashi ya zare hannuwa biyun ya maƙala su a jikin allon ya ciro shi daga mazauninsa ya fita da shi, gem ɗin ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Shikenan. Cikin sakan talatin ka gama gane abin da Wii U ta kasa fahimtar da mutane a shekara huɗu. Sauran duk maimaici ne ta fuska daban daban, wani a filin jirgi da cikin jirgi, wasu a bayan mota suna Mario Kart, wata ta ɗauko nata ta kai wa ƙawaye a saman bene, 'yan kwando sun gama wasa sun zauna kowa ya riƙe rabin hannu. Ga ƙarar nan ta ƙas da ake ji duk sanda hannun ya shige, wadda har yau da ita ake gane tallansu. Na lura kuma ko yaro ɗaya babu a ciki, duk samari da 'yan mata ne, saƙo ne suke aikawa cewa wannan ba kayan wasan yara ba ne.

Abin da bidiyon ya yi da kyau shi ne tunani ɗaya tak ya ɗauko ya buga maka shi a ka. Abin da ya ɓoye kuma shi ne duk sauran, ba farashi, ba takamaimiyar rana sai dai Maris 2017, ba maganar batir, ba a ma faɗi ko allon na taɓawa ne ba. 'Yan gem suka yi ta murna. 'Yan kasuwar hannun jari kuwa ba su ga abin murna ba, washegari hannun jarin Nintendo a Tokyo ya faɗi da sama da kashi 5 cikin ɗari. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Yanzu taron Janairu. A Tokyo Big Sight aka yi shi, kuma waɗanda aka gayyata 'yan jarida ne da masu nazarin kasuwa da abokan hulɗar kasuwanci, sannan aka haska wa duniya kai tsaye da tafinta yana juyawa zuwa Turanci a take. Kimishima ya fito bai ɓata lokaci ba, ya ce 3 ga Maris, dala 299.99 a Amurka, yen 29,980 a Japan, babu kulle gem da yanki wato kaset ɗin da ka saya a Japan zai yi a injin da ka saya a Ingila, kuma buga gem ta intanet zai koma na kuɗi nan gaba. Wannan na kulle yankin mu da muke sayen kaya daga duk inda ya faɗo, Dubai ne ko gwanjon Turai, labari ne mai daɗi sosai. Amma zauren shiru kamar ana zaman makoki, ɗan tafi na ladabi nan da can. Mutumin da ya zo da littafi zai rubuta rahoto wa ofishinsu ba zai miƙe ya yi ihu ba ai.

Daga nan abu ya fara jan ƙafa. Yoshiaki Koizumi na Nintendo ya daɗe yana bayanin Joy-Con, wato hannuwan nan biyu da ake zarewa, har da misalin ƙanƙara a cikin kofi, wai girgizar hannun za ta sa ka ji ƙanƙara nawa ce a ciki, to ni da nake kallo ta waya a cikin bargo ta yaya zan ji, abu ne da sai ka riƙe da hannunka. Sai 1-2-Switch, gem ɗin da har tatsar saniya ake yi a ciki, shi aka sa a gaba kafin manyan. Sai ARMS, gem ɗin dambe. Hisashi Nogami ya fito da farar rigar likitoci a matsayin mai binciken halittun ruwa ya sanar da Splatoon 2 har yana lanƙwasa jiki ya yi siffar lamba biyu, irin barkwancin da in a Direct ne da an yanka an sa kiɗa ya ba da dariya, amma a gaban zauren da ya yi tsit sai ka ji kunya ta kama ka kai mai kallo. Toshihiro Nagoshi na Sega ya hau ya yi gaisuwa da fatan alheri ya sauka ba tare da ya nuna gem ko ɗaya ba. Patrick Söderlund na EA ya zo ya ce FIFA na nan tafe, da baki kawai. Mu nan da FIFA ce rabin addinin gidan gem na so in ga ko da sakan goma ne na wasan, ban gani ba.

Sai Goichi Suda, mai ƙirƙirar gem da aka fi sani da Suda51. Nan ne wallahi na cire bargo na zauna. Mutumin ya fito da salonsa na 'yan kokawa, ya ajiye rubutun da aka shirya ya kama maganarsa yadda ta zo masa, shi kuma bawan Allah tafinta da alama takarda ce a gabansa yana bi, sai aka ji ya yi ɗif. Suda na ta zuba, Turanci ya ɗauke. Can sai ka ji ya jefo rabin jimla cikin sanyin murya, ya sake yin shiru, ya kuma kamo wata daga tsakiya. Abin da aka zo faɗa bai fi layi ɗaya ba, cewa Travis Touchdown, jarumin gem ɗinsa No More Heroes, zai dawo, hoto ɗaya aka nuna, amma masu kallo a wajen Japan abin da suka tafi da shi kenan, muryar mutumin da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Daga baya shi Suda ya amsa cewa shi ne ya kauce wa rubutun. Ni tausayin tafintan na ji, duk wanda ya taɓa yi wa mai wa'azi ko ɗan siyasa tafinta ya san in mai magana ya saki layi kai ne za ka sha kunya ba shi ba.

Abin da ya ceci daren, ko in ce asubar, naɗaɗɗun bidiyoyin da aka saka a tsakiya ne. Super Mario Odyssey da Mario yana gudu a cikin birni mai dogayen benaye yana jifa da hula, sannan na ƙarshe, tallan Breath of the Wild da ya rufe da cewa ranar 3 ga Maris zai fito tare da injin. Wato ko a cikin taron kai tsayen ma, inda ya yi armashi duk abin da aka riga aka gyara ne a ɗakin editin. Hannun jari ya sake faɗuwa da sama da kashi 5 a ranar. Da aka tashi kuma sai farashin tarkace ya fito a shafinsu, babban hannu na daban wato Pro Controller dala 69.99, Joy-Con guda biyu 79.99, 1-2-Switch da kowa ya zaci kyauta za a haɗo shi da injin ashe 49.99 ne, ma'ajiyar ciki gig 32 kacal. Aka yi ta rubuta cewa Wii U ta biyu ce ke tafe.

Ba ta zo ba. A watan Maris kaɗai aka sayar da Switch miliyan 2.74, Zelda na Switch kuma miliyan 2.76, wato kaset ya fi injin yawa, abin dariya. Zuwa ƙarshen Disambar 2017 an kai miliyan 14.86, cikin wata goma ta wuce abin da Wii U ta yi a duk rayuwarta, yanzu kuwa ta haura miliyan 150. Don haka duk mai cewa taro mara daɗi yana kashe injin gem, ga amsa nan. Kuma 'yan hannun jari sun yi kuskure sau biyu, sun gudu bayan bidiyo mai kyau sun gudu bayan taro mara kyau, to su ba ma'auni ba ne a wannan magana.

Amma kar wani ya ɗauka ina cewa kai tsaye ba shi da amfani. Akwai ranar da ya yi aikin da babu bidiyon da zai iya, 10 ga Yunin 2013 a E3. Microsoft sun riga sun jiƙa wa kansu aiki tun 21 ga Mayu da suka nuna Xbox One suka ɓata yawancin lokacin kan kallon talabijin da wasanni, sannan ga dokar sai injin ya leƙa intanet duk awa 24 da takurawa kan sayar da tsohon kaset ko ara wa aboki, da safiyar ranar kuma suka ce dala 499. Ka tuna yadda muke yi a nan, kaset ɗaya ya zaga unguwa, mai gidan gem na fama da janareta balle a ce sai da intanet kullum, ai da an tafi a haka da babu mai kallon Xbox a Arewa ko a kyauta. Da yamma Jack Tretton na Sony ya hau dandamali ya ce PS4 za ta karɓi tsohon kaset, ka sayar ka ara wa wanda ka so, ba ruwanta da leƙa intanet, zauren ya ɓarke da ihu da tafi har sai da ya dakata yana murmushi, sannan Andrew House ya zo ya ce 399 aka sake rushewa. Ihun nan shi ne tallan. Shi aka yi ta yankowa ana yaɗawa, shi ya gaya wa wanda bai san komai kan dokokin kaset ba cewa wani ya ci wani ya faɗi. Kwana tara bayan nan, 19 ga Yuni, Microsoft suka janye dokokin. Ko a 1995 ma haka Sony ta yi wa Sega, Steve Race ya hau ya faɗi 299 kawai ya sauka, lokacin Saturn, injin Sega, na 399.

To ka ga bambancin. Sony na da abu biyu a 2013, zaure cike da mutanen da ke jin yaren mai magana kuma suke da haushin da suke jira a sosa musu, da kuma kalma ɗaya da ta isa ta tada zauren. Nintendo a Janairun 2017 ba ta da ko ɗaya. Dala 299.99 farashi ne na daidai wa daida, ba mai sa ihu ba, wasu ma 250 suka sa rai. Zauren na masu kwat ne. Yaren kuma sai ya bi ta bakin mutum na uku kafin ya iso. Sun ɗauki duk haɗarin kai tsaye ba su samu ribarsa ko ɗaya ba. In kuwa kalmar da ke bakinka mai ɗaci ce to kai tsaye ya fi komai muni, tambayi Kaz Hirai na Sony da ya tsaya a E3 na 2006 ya furta dala 599 na PS3, shekaru aka yi ana maimaita muryarsa ana dariya.

Nintendo sun koyi darasin, har ma ina ga sun wuce gona da iri. Da Switch 2 ta tashi zuwa, E3 ma ta riga ta mutu, a Disambar 2023 aka sanar an rufe ta kwata kwata bayan korona ta koya wa kowa cewa za a iya yi daga ofis, Sony ma da naɗaɗɗen bidiyo ta nuna PS5 a Yunin 2020. Ranar 16 ga Janairun 2025 suka saki ɗan bidiyo na minti biyu da wani abu, irin na 2016, ba magana. Sai Direct na awa guda ranar Laraba 2 ga Afrilu, kwana uku bayan ƙaramar sallah, ƙarfe biyun rana agogonmu, wannan karon ba tashin asuba. Mutum uku da suka ƙera injin, Kouichi Kawamoto da Takuhiro Dohta da Tetsuya Sasaki, su suka gabatar, an riga an ɗora muryar Turanci a kai, babu tafintan da zai rikice, babu baƙon da zai hau ya yi gaisuwa ya sauka. Mario Kart World, sabon Donkey Kong, hannun da ke zama linzamin kwamfuta, maɓallin hira da abokai, ranar fitowa 5 ga Yuni. Komai sumul. Aka rufe.

Ƙanina da muke kallo tare ya juyo ya ce yaya to nawa ne? Na ce ƙila na yi waya lokacin da suka faɗa, muka ja bidiyon baya muka duba. Ba su faɗa ba. Awa guda cur ba a ambaci farashi ba, sai a takardar sanarwa da shafukan kasuwa mutane suka tsinto da kansu, injin dala 449.99, Mario Kart World shi kaɗai 79.99, shi kuwa ɗan gem ɗin da ke koya maka yadda injin yake, Welcome Tour, a bidiyon an ce na kuɗi ne amma ba a faɗi nawa ba. A kuɗinmu na lokacin injin kaɗai ya doshi naira 700,000 kafin a yi maganar kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Kimishima da duk rashin armashinsa a mintunan farko ya kalli zaure ya faɗi farashi. Shi naɗaɗɗen bidiyo almakashin da ke cire maka tuntuɓen harshe shi ne dai ke raɗa maka cewa ka cire maganar da ba ka son faɗa, kuma babu kowa a gabanka da zai ɓata fuska.

Sai dai zauren bai ɓace ba, wuri ya canza. Washegari da suka buɗe Treehouse, shirin da ma'aikatansu ke buga sababbin gem ɗin kai tsaye, gefen da masu kallo ke rubutu ya cika da magana ɗaya, a rage kuɗi, a rage kuɗi, layi bayan layi yana gudu har ba ka iya karanta wani abu daban, kwana biyu ana haka, su kuma bayin Allah masu gabatarwa da ba su suka yanka farashin ba suna ta murmushi suna tuƙa mota a Mario Kart kamar ba su gani. Da rashin bayani daga sama sai jita-jita ta cike gurbin, aka yi ta yawo da farashin da ba haka yake ba, ana rikita kuɗin Turai da na Amurka, ana gardama kan katin da ba gem a cikinsa sai mabuɗin saukewa. Ga kuma tsautsayi, a ranar Direct ɗin ce Trump ya sanar da harajinsa kan kayan waje, Vietnam inda ake haɗa Switch da yawa aka yanka mata kashi 46, kwana biyu bayan nan Nintendo ta ɗage karɓar oda a Amurka daga 9 ga Afrilu, sai 24 ga wata aka buɗe. Wannan kam ba laifin bidiyo ba ne, ko a kan dandamali suka yi da haka za ta faru.

Ni a ganina da sun ƙara minti ɗaya a ƙarshen Direct ɗin, shugaban kamfanin Shuntaro Furukawa ko wani babba ya fito ya faɗi 449.99 da bakinsa ya faɗi dalili, da an yi ƙorafi dai amma ba za a ji kamar an ɓoye wa mutane abu ba. Ƙanina ya ce ba wani nan, ko da wa ya faɗa tsada tsada ce, kuma masu ihun su za su fara shiga layi. Ranar 5 ga Yuni injin ya fito ba a rage ko sisi ba, cikin kwana huɗu aka sayar da sama da miliyan 3.5, babu injin Nintendo da ya taɓa gudu haka. Ya turo min labarin a WhatsApp da fuskar dariya guda uku, ban ba shi amsa ba har yau.